Robar Da Na Cusa Wa Totur

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma wannan da zan ba ku labarinsa, ko na tsufa na rikice ba na jin zai fita daga raina. Shekaru sun shige, wanda abin ya fi shafa ma ya riga mu gidan gaskiya, amma har gobe in ya faɗo mini sai in ji fuskata ta ɗau zafi, kamar jiya ne.

A unguwarmu a nan Gaya, ni ce mace ta farko da ta fara hawa babur. Ba don a gan ni ba ne. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi kwana goma bai kwana gida ba, ni kuma sana'ar muruci nake yi. Can wajen Bana nake ɗaukowa, in dafa, in kai bakin tasha. Jiran ɗan kabu-kabu kullum da buhu a gabana ya ishe ni, shi ya sa maigidana ya samo mini ɗan ƙaramin babur, ya koya mini a filin bayan gari. Surutu kuwa an yi shi. Wasu suka ce raini ne, wasu suka ce gidan ba shi da babba. Wanda ya kashe maganar shi ne surukina, mahaifin maigidana, wanda nake kira Baba. An gaya mini cewa a majalisarsu ya ce matar da ta yi haƙurin zama ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya, har ta iya karanta masa takardar likita, ba ƙarfe ne zai lalata mata hali ba. Daga ranar babu abin da nake tsoro kamar in ba wannan tsoho kunya, ko ya ga ya yi kuskure da ya tsaya mini.

Majalisar tasu tana bakin lungunmu, gindin wani mangwaro, a kan guntun giginya da aka kwantar suna zama. Ba ni da wata hanyar shiga gida sai ta gabansu. Daidai wurin kuma akwai rairayi mai zurfi da ruwan damina ke tarawa. In kana tafe da kaya ka tsaya a cikinsa, babur ba ya sake tashi sai an tura. Na taɓa tsayawa sau ɗaya don in gaishe su yadda ya kamata, ƙafar baya ta nutse, sai da tsofaffi biyu suka tashi suka tura ni, ɗaya har hularsa ta faɗi. Tun daga nan sai in rage gudu kawai, in sunkuyar da kai, in ɗaga hannu in wuce.

To, wanda bai taɓa hawa babur ba bai san wannan ba: hannun dama ba naka ba ne. Shi ke riƙe da totur, wato mariƙin da ake murɗawa a ba inji wuta, kuma da ka sake shi yake komawa da kansa, wutar ta ragu. In na saki a cikin rairayin nan na tsaya ke nan. Saboda haka hagu nake ɗagawa, ban ma taɓa kawo komai a raina ba. Sai wata rana ƙanwar maigidana ta zo gidan tana ta dariya, ta ce, "Matar Yaya, ashe tun da kika zama direba da hannun buta kike gaida mana uba?" Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce wani abokin Baba ne ya tsokane shi a majalisa, wai surukar da yake yabo ga ta nan tana miƙa masa hagu safe da yamma, aka yi ta dariya, shi kuwa Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ita wasa take yi, ta ci murucinta ta tafi. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji.

A hanyar Bana nakan ga masu dogon zango, irin waɗanda ke kai kaya har Zabori, suna tafe sun saki hannun dama suna yarfe shi, babur kuwa yana ta gudunsa. Da na kai nawa wurin mai gyara sai na tambaye shi yadda suke yi. Mai gyaran nan sa'an maigidana ne, Bazabarme, rumfarsa tana kan hanyar tasha, mutum ne marar yawan magana, Madam yake ce mini. Ya nuna mini wani ɗan maƙali da ake ɗaura wa totur ya riƙe shi inda aka murɗa, ya ce waɗanda ba su da shi kuma roba suke yankowa daga tsohuwar robar cikin taya, su cusa a tsagar da ke tsakanin mariƙin da ƙarfen. Na ce ya sa mini. Ya dube ni ya tambayi inda zan je da shi. Da na gaya masa dalili, bai yi dariya ba. Ya ce abin na buɗaɗɗiyar hanya ne, inda kana hango abin da ke tafe tun daga nesa, don in ka sa shi totur ba ya komawa da kansa sai ka mayar da shi da hannunka, kuma mutum in ya firgita ba ya tuna wannan. Ya ce, "Madam, ki nemi wani abin in yi miki. Wannan kam ba da hannuna ba."

Na yi masa godiya da murya mai taushi, kamar yadda na saba, na dawo gida na ɗauko tsohuwar robar da nake ɗaure buhu da ita, na sa reza na yanko ƴar siririya. Sau uku ina gwadawa a tsakar gida kafin ta kama.

Gaskiya abin ya yi aiki, kuma shi ne ya ruɗe ni. Ina shigowa lungu sai in saita wutar daidai yadda za ta fitar da ni daga rairayi, in ɗaga hannun dama, in kai shi ƙirji, in sunkuyar da kai in ce, "Baba, ina wuni." Ranar farko na ga ya juya ya dubi abokin nan nasa, gemunsa yana motsi alamar murmushi. Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa. Na fi wata guda ina yin haka. In zan kai babur wurin mai gyara sai in zare robar in sa a jaka, in na dawo in mayar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Ko maigidana ban gaya wa ba.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, na dawo daga Bana da buhu cike a baya. Kwana biyu kafin nan mai gyara ya canza mini wayar totur da ta fara tsinkewa. Na shigo lungu, na saita, na ɗaga hannu, kaina a sunkuye. Da na ɗago sai ga mai garuwa ya fito daga wani gida da kurarsa cike da jarkoki, ya tare hanya. Na mayar da hannu da sauri na damƙi mariƙin, ina jira wutar ta ragu kamar yadda jikina ya saba, ba ta ragu ba. Na taka birki, inji yana ta turawa. Duk abin da mai gyara ya faɗa mini ya fita daga kaina. Na karkata don kada in bugi mai ruwa, sai babur ya nufi gindin mangwaro. Tsofaffin suka watse, Baba kuwa ya miƙe ya miƙo hannu, ina jin so ya yi ya tare ni. Ƙafar gaba ta daki guntun giginyar, buhun ya wuntsila ya bangaje shi, ya faɗi a kan hannun nan da ya miƙo.

Ni ma na faɗi, babur a kan ƙafata, ƙafar baya tana ta juyawa a sama, inji yana kuka kamar zai fashe. Kowa ya ji wannan kukan. Wani ya zo ya murɗa makulli ya kashe, yana cewa totur ne ya maƙale. Mutane duk suka rufu a kan Baba. Ga muruci ya watse ko'ina cikin rairayi.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini nauyin faɗa. Ina kwance a ƙasan nan, kafin in tambayi ko Baba yana numfashi, kafin ma in jawo ƙafata, abin da hannuna ya fara yi shi ne ya laluba mariƙin, ya zare robar, ya tura ta cikin ƙullin zanina. Ban zauna na yi shawara ba, hannun ne ya tafi da kansa. Na daɗe ina tambayar kaina ina wannan halin yake ɓoye a jikina duk shekarun da ake cewa wance ba ta da matsala.

Hannun Baba na dama ya karye a wuyan hannu. Aka kira mai ɗori ya ɗora shi da karare. Ni ƴar ƙujewa kawai na samu a gwiwa. Washegari maigidana ya dawo daga tafiya, kafin ya iso gida an riga an tare shi a hanya da labari: totur ya maƙale, kuma kwana biyu ke nan da aka taɓa wayarsa. Ya shigo ya tambaye ni ko gaskiya ne wutar ta ƙi raguwa. Na ce ta ƙi. Ya tambaya ko gaskiya ne mai gyara ya canza waya. Na ce ya canza. Duk amsoshin gaskiya ne, kuma da su na kashe mutum a tsaye. Maigidana ya tura babur har rumfar, a gaban ƴan kabu-kabun da ke cike a wurin ya faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba, har da cewa ya kusa kashe masa uba da mata a rana ɗaya saboda aikin ganganci. An ce mai gyaran cewa kawai ya yi Allah ya ba tsoho lafiya, a bar masa babur ɗin ya duba.

Bayan kwana biyu mai gyaran ya turo babur ɗin da kansa har ƙofar gida, ya yi sallama, na fito. Bai dube ni ba, yana goge hannunsa da tsumma ya ce, "Madam, moto lafiya lau yake, wayar ma ba abin da ya same ta. Akwai ɗan baƙin roba da ya manne a tsagar, na kankare shi. Ba wanda ya gani." Ya juya ya tafi. Na tsaya riƙe da ƙyaure ina kallon bayansa.

Ya kamata a ce a nan na tsaya. Ban tsaya ba. Na ce wa kaina tun da shi ma ya rufa, magana za ta mutu da kanta. Amma Gaya ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. In na wuce ta hanyar tasha a ƙafa, don na ajiye hawa, sai in hango rumfarsa da a da ba ka samun wurin tsayawa, yanzu babur ɗaya ko biyu, shi yana zaune a kan benci. Sai in ja mayafi in bi ta ɗaya gefen.

A gida kuma ni ke dafa wa Baba abinci in kai sashensa. Tsohon da bai taɓa yarda a riƙe masa buta ba, yanzu sai an zuba masa ruwan alwala. Ya ƙi ci da hagu, sai dai a dama masa fura ya sha, ko ɗansa ya ba shi tuwo a baki, yana kawar da ido. Kuma duk lokacin da na durƙusa daga bakin ƙofa na ajiye kwano, shi ne yake ba ni haƙuri. Ya ce kada in sa abin a raina, laifin wanda ya karɓi aikin da bai iya ba ne. Ya ce ya ji wasu na cewa ga irin abin da suka guda tun farko, to su ji da kyau, yana warkewa zan koma kan babur ɗina. Kowace kalma tasa kamar ana ɗiga mini ruwan zafi. Sai in ce, "To, Baba," in tashi.

Rana ta tara da safe, ina shara a bayan zaure, na ji sallamar mai gyara. Dubiya ya zo, da ɗan ƙullin goro. Na ji maigidana ya tare shi ya ce ba a bukata. Sai na ji muryar Baba daga ciki, a hankali, yana cewa a gaya masa ya yafe masa don Allah, amma ba ya son ganinsa. Sai mai gyaran ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara sauƙi." Na ji ya ajiye goron a dakali, na ji takunsa yana nisa. Wato ya karɓi yafiyar laifin da bai yi ba, har da godiya, ni kuwa ina tsaye da tsintsiya, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Kun san yadda suruka take da uban miji a wurinmu. Fiye da shekara goma ina gidan, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa yi masa magana mai tsawon da ya wuce gaisuwa ba. Ranar na jira aka yi azahar, na ce wa maigidana ya zo ya zauna, akwai maganar da nake so ya ji tare da Baba. Na durƙusa a waje, asabari tsakanina da su, na kwance ƙullin zanina na tura robar ta ƙarƙashi. Na faɗi komai: yadda na roƙi mai gyara ya ƙi, yadda na yanka da kaina, yadda nake zarewa in zan kai masa, da abin da hannuna ya yi ina kwance a ƙasa. Muryata ba ta da ƙarfi dama, ranar kuwa sai da Baba ya ce in maimaita wani wurin don bai ji ba. Maimaitawar ta fi faɗar farko ciwo.

Maigidana ya fara magana da zafi, Baba ya ce ya yi shiru. Ina durƙushe ina jin kaji suna tono a bayana. Can ya ce, "Duk don ki gaishe ni?" Na ce e. Ya ce, "Shi kuma ya sani, ya yi shiru?" Na ce ya sani.

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce karayar hannu ba komai ba ce, tsautsayi yana samun wanda ya fi kowa hankali, kuma da a ranar na faɗa da shi zai fara kare ni. Sannan ya ce, "Ɗiyata, kwana tara kina kallo ina ƙin mutum a kan ƙarya. Kin sa na kori baƙo daga ƙofata. Wannan ba ni zan yafe ba, ba ni aka yi wa ba." Ya ce a miƙo masa hularsa.

Na ɗauka aike zai yi a kira mai gyaran gida, a yi maganar a zaure, a rufe. Ya ce a'a, inda aka zubar masa da mutunci can za a je a kwashe. Ya sa aka jira har lokacin da ƴan kabu-kabu ke taruwa a inuwar da ke kusa da rumfar. Muka fita, shi a gaba da hannu rataye a wuya, maigidana a bayansa, ni a ƙarshe. Muka wuce ta gaban majalisa, abokansa suna tambayar ina zuwa da wannan hannu, ya ce su taso su gani. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba.

A gaban rumfar Baba ya fara ba da haƙuri da bakinsa, maigidana ya bi. Sannan Baba ya matsa gefe ya bar ni. Maza sun fi ashirin, wasu a kan baburansu. Na faɗa musu abin da na faɗa a gida, ban rage ba. Wani daga baya ya yi ƴar dariya ya ce ashe Madam ma ƴar dogon zango ce, wani ya kwaɓe shi. Mai gyaran yana tsugune gaban wani inji, bai tashi ba sai da na gama. Ya ce shi bai riƙe ni ba, ya ga dai mace ce mai ƴaƴa a gidan miji, in maganar ta fito ba a san inda za ta tsaya ba, shi kuwa namiji ne, zagi ba ya hana shi barci. Ya ce, "Da kin bari ma, Madam, da ya wuce." Wannan kalma ita ta sa ni kukan da ban yi ba tun ranar da na faɗi.

Aikinsa ya dawo, ko da yake ba duka ba, don akwai waɗanda labarin farko kawai ya kai gare su. Hannun Baba ya warke a ɗan karkace, har ya rasu ba ya iya dunƙule shi sosai. Bai hana ni hawa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ya ci gaba da kyautata mini kamar da. Amma na lura in magana ta taso a gida, aka ce ni na faɗa, yakan ɗan yi shiru kafin ya amsa, shirun da babu shi a da. Wataƙila wani bai taɓa lura ba. Ni na lura, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da na koya bai tsaya ga babur ba, ko da yake shi ma na koya: in wanda ya san aiki ya ce maka ba da hannunsa ba, kada ka je ka yi da naka. Babban abin shi ne wannan. Tun ina yarinya ake yabona da haƙuri da rashin magana, har na ɗauka mai shiru ba ya zalunci. A cikin kwana taran nan ban furta kalmar ƙarya ko ɗaya ba, amma shiruna ya hana wani bawan Allah abincinsa, ya sa dattijo ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, kuma ba wanda ya zarge ni, saboda kowa ya san wance ba ta da hayaniya. Tsoron kada a ga aibina ne ya kai ni ga aibin da ya fi wanda nake gudu. Yanzu in na yi kuskure, a ranar nake faɗa, tun kunyar tana tawa ni kaɗai, kafin wani ya ɗauke ta a kansa.